Mai Ita Ya Rasu

A unguwar Galtimari ta Maiduguri in ka ce kana neman Ba'ana, sai an tambaye ka wanne, domin kusan kowane layi da nasa Ba'anan. Amma in ka ce Ba'ana mai ƙota, to ko amaryar da ta tare jiya za ta nuna maka gidan: ga shi can mai darbejiya a ƙofa, wanda zaurensa ke ƙamshin fata da kakin zuma. Dogon mutum ne siriri, da tsagar Barebari a kumatu. Ba shi da yawan magana sai in zancen kifi aka ɗauko, nan kuwa sai ka nemi hanyar gudu.

Baduku ne gaba da baya. Ubansa kube da layu yake ɗinkawa a Kasuwar Kwastam, shi kuwa ya taso a zamanin da kayan roba suka kashe wa dukawa kasuwa, sai ya zauna a rumfar uban yana gyaran takalma da jakunkunan 'yan makaranta. Wannan shi ne na cefane. Abin da ransa ke so kuwa fatsa ce, wato kamun kifi da sanda da ƙugiya. Ranar Asabar ko ɗaurin aure ake yi a layinsu, sai dai a ce an ga wucewarsa a kan babur ya nufi dam ɗin Alau, gora saɓe a kafaɗa.

A can Alau ɗin ne sana'ar ƙota ta same shi, kuma da abin kunya ta zo. Wata rana wata ƙatuwar tarwaɗa ta cafki kotonsa. Ya ja, ta ja, gorar kuwa ta jiƙe ga santsi, sai kawai ta sulluɓe daga hannunsa. Yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa yana kallon sandarsa tana tafiya tsakiyar dam kamar wadda aka aika. Masunta suka yi ta sheƙa masa dariya har da masu riƙe ciki. Ya dawo gida ya ture ƙwaryar tuwo.

Matarsa Falmata ta dube shi ta ce, "Baban Aisa, kifi ne fa ya gudu, ba amarya ba."

Washegari ya sayo sabuwar gora, ya zauna a zaure da kayan dukancinsa, ya rantse babu kifin da zai sake ƙwace masa sanda. Ya ɓata gorori ba iyaka kafin ya gano hanyar da ta zama tasa.

Ga yadda yake yi. Zai kankare gindin gorar, ya naɗe shi da tsumma, ya shafe da wani haɗi na kakin zuma da ƙaro da garin katako, da wani abu na huɗu wanda har yau ko Falmata ba ta san shi ba. Sai ya rufe da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, ya ɗinke da basilla, ya yi wa gindin ado da jan zare da kore, ɗinki mai kama da ƙayar kifi. Daga nan ya riƙa juya ƙotar a kan garwashi har ta yi laushi, sannan ya damƙa wa mai sandar tun da ɗuminta, ya ce, "Riƙe kamar ka kamo wadda ta gudu."

To nan fa aikin yake. Mutum zai zauna a tabarma riƙe da ƙota har ta huce ta sandare. Ba a saki, ba a sauya hannu, ko ƙuda ya sauka maka a hanci sai dai Ba'ana ya kore maka shi. Falmata za ta miƙo shayi daga cikin gida, kuma da yake hannun dama na kan aiki, ba a kuwa shan abu da hagu a gidan mutunci, Ba'ana da kansa ke kai wa mutum kofi baki. Ka ga ƙato da gemu ana ba shi shayi kamar mai jinya, dole ku yi dariya, kuma wanda kuka yi irin wannan dariya da shi ya riga ya zama ɗan gida. In ƙotar ta sandare, sai ka ga kowane yatsa da gurbinsa, har tudun tafin hannu ya fito. Babu hannun da za ta zauna wa sai na mai ita. Ɓarawo ma in ya sace, wahalar banza ya yi.

Ba'ana yakan ce, "Baki na iya ƙarya, amma hannu ba ya yi."

Mutum na farko da ya yi wa ƙota bayan kansa shi ne Sa'id, amininsa tun suna firamare. Sa'id gajere ne mai ƙiba, bakinsa ba ya hutawa, yana da injin niƙa a bakin titi. Injin nan ne ya cinye masa yatsan tsakiya na hannun dama tun yana saurayi, ya bar masa ɗan dungu. Tun daga nan komai ya riƙe sai ya ji yana rawa. Ranar da Ba'ana ya gama masa ƙotarsa, gurbin yatsu uku ne ya fito da wani ɗan rami inda dungun ke zama. Sa'id ya riƙe, ya saki, ya sake riƙewa. Can ya ce, "Sawani, wallahi tun da injin nan ya cuce ni, yau ne na riƙe abu na manta yatsana ba ya nan." Sawani da Barbarci abokina ke nan, kuma da wannan sunan suke kiran juna ko a gaban 'ya'yansu.

Na ukunsu Malam Dzarma ne, malamin makaranta daga kudancin Borno, wanda ya fi kowa haƙuri a bakin ruwa ya kuma fi kowa rashin sa'a. Saboda shi aka tsai da Asabar: Juma'a ta su biyu ce, Lahadi tasa ce ta coci, Asabar kuwa ta kifi. Shekara da shekaru haka suke. Kwanon burabusko ya fita daga gidan Falmata ya shiga gidan Hajja matar Sa'id, ya dawo da miyar kifi. In ka ga Ba'ana shi kaɗai a hanya, sai ka tambaye shi ko Sa'id ba shi da lafiya.

Sai yaran nan suka ɓullo. Haka ake kiransu a gari, don ba wanda ke son sunansu ya fito daga bakinsa. Aka hana babur, aka sa dokar hana fita, hanyar Alau ta zama ta wanda ya gaji da duniya. Malam Dzarma ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Ranar da zai tafi ya kawo sandarsa ya rataye a zauren Ba'ana, ya ce, "Ajiye mini, ban gama da kifin Alau ba." Suka yi dariya, amma ba wanda ya dubi idon wani.

Kifi sai ya koma na kogin Ngadda, in ruwa ya zo bayan damina. Kuma a daidai lokacin ne masunta daga bakin tafkin Chadi suka fara kwararowa Maiduguri, daga su sai rigar jikinsu. Mutumin da ke da jirgi da koma, wanda ke loda wa mota bandar kifi, yau ga shi a gaɓar Ngadda da gora yana neman karfasa biyu ta miyar yara. Irin waɗannan suka cika zauren Ba'ana. Wasu da tsagaggiyar gora, wasu da sandar gwanjo mai ƙarfen naɗe zare wadda mariƙinta ya ruɓe. Ba ya iya korarsu, abin na taɓa masa zuciya.

Falmata ce ta fara jin tsoro. Ta ce, "Baban Aisa, mutanen nan da kake ba shayi a baki, ka san su kuwa? Zamanin nan wa ya san wani?"

Ya ce, "Na san hannunsu. Hannun masunci duk zare ya tsattsage shi."

Duk da haka ya ji maganarta, ya kafa doka: ba zai ƙara yi wa baƙo aiki ba sai wanda ya sani ya kawo shi.

Wata rana da hantsi sai ga Sa'id da wani mutum mai sanyin murya, riƙe da sabuwar gora. Sa'id ya yi gaisuwar Barbarci ya ce, "Wushe, sawani. Ga ɗan'uwan Hajja daga bakin tafki, komai nasa ya ƙone. Yi masa ƙota ya samu abin taɓawa." Ba'ana bai tambayi komai ba, ai Sa'id ne ya kawo shi. Ya yi aikin, ya ba mutumin shayi a baki kamar kowa. Amma da ya buɗe masa yatsu daga ƙotar, sai ya ga tafin hannun sumul, babu tsagar zare ko ɗaya.

Bayan baƙon ya tafi ya ce, "Sa'id, hannun nan bai san ruwa ba."

Sa'id ya kwashe da dariya ya ce, "Kai da hannu! Fataucin kifi yake yi, ba kamunsa ba. Yanzu ne zai koya."

Ƙarya ce. Mutumin ba ɗan'uwan Hajja ba ne, ba ɗan'uwan kowa ba ne. Wani ne da ke kawo wa Sa'id buhunan hatsi niƙa, ba ya neman ragi, Sa'id kuwa ya ga kasuwa ya rufe ido, bai tambayi bakin da ke cin garin ba. Da mutumin ya ce yana son sandar fatsa, sai ya jawo shi zauren amininsa don ya faranta masa.

Ba a daɗe ba aka kama mutumin a hanyar Khaddamari da buhunan gari da magunguna zai shiga daji wurin yaran nan. Sandar ce shaidarsa a kowane shinge, yana cewa shi masunci ne. A gindinta kuwa ga ɗinkin ƙayar kifi, ja da kore, wanda duk mai zuwa bakin Ngadda ya san na wane ne.

Da sassafe jami'an tsaro suka kewaye layin. Aka ce duk namiji ya fito fili ya zauna a ƙasa. Aka shiga zauren Ba'ana aka kwaso sanduna gaba ɗaya, da waɗanda ya gama da waɗanda aka kawo gyara, aka zube a gaban jama'a. A cikinsu akwai ta Malam Dzarma, akwai kuma ta Sa'id, wadda ya kawo kwanakin baya don ɗinkinta ya fara warwarewa. A lokacin nan kowa ya sani, wanda aka sa a mota aka tafi da shi, sai dai addu'a.

Shugaban jami'an wani mutum ne da ba ɗan gari ba, Hausarsa a karye. Ya ɗaga sandar baƙon ya ce, "Kai ka yi wannan?"

Ba'ana ya ce, "Ni na yi."

"Wa ya kawo maka shi?"

Ba'ana ya waiga. Sa'id na zaune cikin jama'a, ba nisa. Ba'ana jira yake ya ga ya miƙe ya ce ni ne, kuma ban san halinsa ba, don in mutum biyu suka faɗi magana ɗaya ta fi nauyi. Sa'id ya kafa wa ƙasa ido. Sai Ba'ana ya ce a ransa tsoro ne, bari ya ba shi lokaci. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutane da yawa ke zuwa wurina."

Na shiga ban ɗauka ba, ai ba ta fidda ɓarawo. Jami'in ya yi wa yaransa alama da hannu. Nan Bulama, wato mai unguwa, dattijo mai son a rabu lafiya, ya matso ya roƙi arziki. Aka ce masa to, in akwai sanannen mutum mai sana'a da zai tsaya wa Ba'ana, ya ce ya san shiga da fitarsa, za a yi masa tambayoyi a nan a bar shi. Bulama ya yi ajiyar zuciya, don a ganinsa magana ta ƙare. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Sa'id, tashi, kai ne abokin tafiyarsa."

Sa'id ya miƙe a hankali, hannayensa duka biyu cikin babbar riga. Ya ce, "Baba Bulama, ni fa gaisuwar masallaci ce kawai tsakanina da shi. Ni mai niƙa ne, me ya haɗa ni da kifi? Ko zaurensa ban taɓa shiga ba."

Wallahi ƙarya ce tsirara, kuma babu wanda ke zaune a filin nan da bai san ƙarya ce ba. Mutanen da suka sha ganinsu a kan babur ɗaya, waɗanda suka ci kifinsu, duk suka sunkuyar da kai. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, amma ba a taɓa cewa ka kunna masa wutar sannan ka kwashe ruwan ba. Ba'ana ya ji maganar ta shige shi har ƙashi. Bai ji tsoron mota ba a lokacin, kunya ya ji, irin wadda mutum ke ji in aka tuɓe wani nasa a kasuwa.

Jami'in kuwa yana ta ɗaukar sandunan ɗaya bayan ɗaya, yana gwada riƙewa, yana mamakin yadda babu wadda ta zauna masa. Sai ya kai kan ta Sa'id. Ya riƙe, yatsansa na tsakiya ya rasa wurin zama. Ya juya ta, ya ƙirga gurabun da ido, ya ga ɗan ramin nan.

Ya ce, "Wannan fa? Mai wannan yatsansa bai cika ba. Wane ne?"

Ba'ana ya dubi Sa'id, wanda har yanzu ke tsaye, ya ga hannunsa na dama yana motsi a ƙarƙashin riga, yana neman ƙara ɓuya. Magana ɗaya ce ta rage. In ya ce a fito da hannun nan a ɗora a kan ƙota, shi ke nan, mutumin da bai taɓa shiga zaurensa ba zai yi bayanin yadda aka yi hannunsa ya kwanta a kan fata. Daga nan za a tambayi zancen niƙa, kuma wanda ya niƙa wa daji gari ba mai dawowa ba ne. Ba'ana ya san haka sarai. Ya tuna Hajja da 'ya'yanta. Ya tuna ranar da ya kai wa Sa'id kofi baki, shayi na zuba a gemunsa suna dariya.

Ya ce, "Mai ita ya rasu."

"Yaushe?"

"Bai daɗe ba."

Jami'in ya yi tsaki ya wurga ta cikin kwata. Sauran aka tattara aka cinna musu wuta a nan filin, har da ta Malam Dzarma da aka ba Ba'ana amana. Ƙaurin fata da kaki ya cika layin. Aka sa Ba'ana a mota yana kallon Sa'id ya koma ya zauna.

Abin da ya gani a inda aka kai shi, bai taɓa ba kowa labari ba, ni ma ba zan ƙirƙira masa ba. Damina ta wuce, sanyi ya wuce, sai da zafi ya kama sannan aka sako shi tare da wasu, kamar yadda aka ɗauke shi, ba bayani. Ya dawo kamar gorar da yake gyarawa, igiyar da aka ɗaure shi da ita kuma ta kashe masa yatsu biyu na hagu, ba ya jin komai da su.

A tsawon lokacin nan Falmata da turaren wuta ta riƙe gida, tana haɗawa tana bi gida gida. Sau ɗaya ta je gidan Sa'id, ba roƙon abinci ba, so take ya je ya faɗi gaskiya ko Allah zai sa a saki mijinta. Hajja ta tare ta a bakin ƙofa ta ce ba ya nan, ga takalmansa kuwa a ajiye a ƙofar ɗaki. Kwanon burabusko bai sake bin hanyar nan ba.

Da ya dawo unguwa ta yi ta zuwa barka da arziki, har da waɗanda suka sunkuyar da kai a fili. Ya amsa wa kowa. Kwana da kwanaki yana zaune a zaure, duk sallamar da aka yi sai ya ɗaga kai da sauri. Wanda yake jira bai zo ba. Sa'id ya ma sauya masallaci, in zai je wurin injinsa sai ya zaga ta bayan layi. Wannan ne ya fi ci wa Ba'ana rai, fiye da igiya, fiye da yunwa. Waɗanda suka tsare shi ba su san shi ba, ba su taɓa cin tuwonsa ba. Zomo ai ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

Wata rana Falmata ta hau turmi ta zaro wani abu daga saman azara. Sandar Sa'id ce. Ashe bayan an watse ranar nan ta je ta tsamo ta daga kwata, ta wanke ta ɓoye.

Ta ce, "Ga shaidarka. Mu kai wa Bulama, a tara mutane, a sa masa ita a hannu kowa ya gani."

Ya ce, "Kowa ya riga ya gani, Falmata. Mayar da ita."

"Wato ya ci bulus ke nan?"

"Na ce ki mayar."

Ya koma aiki sannu a hankali, don yatsun da suka mutu ba sa taya shi jan zare. Amma ya daina haɗa kaki. Wanda ya kawo gora, sai ya naɗe masa gindinta da robar tayar keke, ƙota sumul irin ta kasuwa, ya karɓa ya tafi. Ba zama, ba shayi, ba ɗinkin ƙayar kifi. Masunta suka yi ta roƙonsa ya dawo da irin ta da, ya ce kaki ya yi wuya.

Shekaru suka ja, gari ya fara lafawa, aka fara jin wane da wane sun je Alau sun dawo lafiya. Ran nan bayan la'asar Ba'ana na zaune yana yanka roba, sai ya ji wata murya a bakin zaure.

"Salamu alaikum. Wushe, sawani."

Sa'id ne. Ya yi furfura, ƙibar ta zube. Ba'ana ya amsa sallama, don sallama haƙƙi ce, ya nuna masa tabarma. Suka gaisa gaisuwar Barebari mai tsawo, aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi gajiya, har abin tambaya ya ƙare.

Sa'id ya fara magana yana murza hularsa. Ya ce tsoro ne. Ya ce sharrin Shaiɗan ne. Ya ce da ya buɗe baki ranar nan da 'ya'yansa sun zama marayu, kuma Allah ya sani bai ƙara barci mai daɗi ba. Har ya yi hawaye, kuma hawayen gaskiya ne, ba zan zalunce shi ba. Ba'ana na saurare, wani abu a ƙirjinsa ya fara saki. Da Sa'id ya tsaya a nan, wa ya san abin da zai faru? Amma mai surutu ba ya sanin inda ake tsayawa. Ya share ido ya ce, "Ka ji an buɗe hanyar Alau? Na sayi sanda ta kanti, wallahi hannuna ya ƙi zama. Hajja ta ce ta ji a bakin mata wai tawa na nan."

Ba'ana ya dube shi. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Falmata, miƙo sandar nan. Ki haɗo da garwashi, ki ɗora shayi."

Fuskar Sa'id ta washe. Ya san garwashi, ya san shayi, ya san abin da ke biyo bayansu. Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa hannunsa mai yatsan da bai cika ba a kan gwiwa yana jira.

Ba'ana ya karɓi sandar ya share mata ƙura. Gurabun nan uku da ɗan ramin suna nan kamar jiya aka yi su. Ya riƙa juya ƙotar a kan garwashi a hankali, ƙamshin kaki ya tashi a zauren da ya daɗe bai ji shi ba. Da ta yi laushi, Sa'id ya miƙo hannu. Ba'ana bai ba shi ba. Ya kwantar da ita a kan katakon aikinsa, ya ɗora tafin hannu ya murza, gaba da baya, gaba da baya, har gurabun suka shafe, ramin ya cike. Ya tsoma ta cikin bokitin ruwa ta sandare. Ya ciro ta sumul kamar muciya.

Falmata ta kawo shayi. Ba'ana ya ɗauki kofin ya ajiye shi a ƙasa a gaban Sa'id, ya ce, "Hannunka a sake yake, ɗauki ka sha."

Sa'id ya ce, "Sawani, ba ka yafe mini ba ke nan?"

Ya ce, "Na yafe, don ni ma ina so Allah ya yafe mini. Amma mai sandar nan, na faɗa a gaban jama'a ya rasu, kuma ni kaɗai na yi zaman makokinsa a inda aka kai ni. Ba zan zama maƙaryaci yanzu ba." Ya miƙa masa ita da hannu biyu. "Ga ta. Ta kowa ce yanzu. Gobe in an sake tambaya, ba sai ka ɓoye hannu ba."

Sa'id ya karɓa. Yatsunsa suka lalubi wurinsu na da, suka rasa. Ya tashi ya sa takalmi, ya bar shayin bai taɓa ba. Ba'ana na kallonsa ta ƙofar zaure har ya wuce darbejiya, yana sauya sandar daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama.

Da magariba Falmata ta kawo tuwo ta ajiye. Ba'ana ya dube shi ya ture ƙwaryar gefe. Wannan karon ba ta yi masa ba'a ba, ta ɗauke ta rufe.